A Fito da Darasi Daga Cikin Aji

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Yawancinmu muna haddace darasi ne don jarrabawar WAEC ko NECO, da zarar an karɓi takarda sai ilimin ya bi iska. Na taɓa cin maki mai kyau a lissafin faɗin fili, amma da na je hutu kawuna ya ce in auna masa gonarsa don ya san yawan takin da zai saya, sai na tsaya ina sosa ƙeya. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau.

A ganina maganin abin yana nan a harabar makaranta. Ku ɗauki sandar tuta da muke taruwa a gabanta kowace safiya. Ba sai an hau ta za a san tsawonta ba. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsaye, a auna inuwarta, a kuma auna inuwar sandar tuta a lokaci guda. Idan inuwar ƙaramar ta kai mita 2, ta babbar kuma mita 16, to tsawon sandar tuta mita 8 ke nan. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai manta da shi ba. Kuma a nan malamin labarin ƙasa zai iya shigowa ya ba da labarin Eratostinis, wanda ya yi amfani da inuwa a Iskandariya ta ƙasar Masar fiye da shekaru 2,200 da suka wuce, ya ƙiyasta kewayen duniya. Ya ga rana ta karkace da digiri 7 da ɗan kai idan an kwatanta da garin Aswan, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50.

Wanda ya fi burge ni shi ne darasin marina. Duk wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda marini ke tsoma farin zane cikin ruwan baba da toka. Idan ya tsamo shi, da farko kore-kore yake fitowa, sai a gaban idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Iskar oksijin ce ke haɗuwa da rinin ta sauya shi, shi ya sa marini yake ta tsomawa yana ɗagawa har launin ya kama. Wannan fa shi ne abin da muke kwafa daga allo muna hamma. A fita guda malamin kimiyya ya samu nasa, na tarihi ya yi bayanin cinikin baƙaƙen tufafi da Buzaye, na Hausa kuma ya sa mu rubuta insha'i da kalmomin sana'ar. Idan Kano ta yi nisa, ai ba a rasa maƙeri ko mai ginin tukwane a kusa da mu.

Na san za a ce manhaja tana da yawa, lokaci kaɗan ne, kuɗin mota kuma babu. Gaskiya ne, kuma ban raina wahalar malamanmu ba. Amma inuwa ba ta cin ko kwabo. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a riƙa auna ruwan sama duk damina, ƙungiyar matasa manoma ta riƙe lissafin.

Roƙona ga shugaban makaranta shi ne a ware mana yammacin Laraba ɗaya a kowane wata, malamai biyu ko uku su haɗa ajinsu su fita da mu. A fara da sandar tuta zango mai zuwa.