A bar yaranmu na Masar su ga gari

Jama'a, ƙorafi ya yi yawa a tsakanin iyayenmu na Agege da Sabon Ibadan: an tura yaro Alkahira karatu, sai ga hotunansa a Facebook yana bakin teku. Nan take a ce kuɗin gida yake ƙonawa.

Ni dai ina ganin a sassauta. A Masar hutun mako Juma'a ne da Asabar. Ɗalibin Azhar da ya hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, cikin kamar awa uku ya isa Iskandariya, ya shiga babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, ya goge Larabcinsa da direbobi da 'yan kasuwa. In dogon hutu ya zo, ya nufi Aswan ya ga madatsar ruwan da aka kammala a 1970, wadda ta tsayar da ambaliyar Kogin Nilu ta kowace shekara, take kuma ba da lantarki. Wanda ya ga wannan da idonsa, ranar da aka taso da zancen Kainji yana da abin faɗa. Gani ya kori ji.

Amma ku ma samari, da sharaɗi. Naira ta faɗi, kuma abin da ake aika muku gumin wani ne. Kada a taɓa kuɗin haya, kada a ci bashi don hoto. Ku tafi a ƙungiya, ku riƙe katin ɗalibi don ragin kuɗin shiga, sannan ku sanar da gida kafin ku kama hanya.

Allah Ya dawo mana da ku lafiya.