A daina fakewa da "educere"

Akwai wata magana da muka gaji da ji a tarukan bita. Mai jawabi zai gyara tsayuwa ya ce kalmar Turawa ta ilimantarwa daga Latin ta fito, daga educere, wato fito da abu waje, don haka baiwa tana cikinka, aikin malami kawai ya zaro ta. Sai a yi tafi. Washegari wanda bai karanta littafi goma ba ya fara sakin labari a WhatsApp, in an ce ya gyara ƙa'idar rubutu ya ce ana dakushe masa baiwa.

To, kalmomi biyu ne a Latin. Educere ita Romawa ke faɗa in za a fitar da runduna daga sansani, ko a zare takobi daga kube. Educare kuwa reno ce: a ciyar da yaro, a yi ɗawainiya da shi har ya girma, har dabba da shuka ana yi musu. Daga ta biyun aka sami educatio, wadda ta zama éducation a Faransanci, kalmar da 'yan uwanmu na Nijar suka sani tun firamare. Sifaniyanci da Fotigis suna cewa educar, Italiyanci ya bar ta yadda take, educare.

Mun yarda tushensu ɗaya ne, ducere, jan gaba. Shi ya haifi conduire, tuƙi, da traduire, fassara, wato ƙetarar da zance zuwa wani harshe. Mun kuma san wasu marubutan Latin sun yi amfani da educere da ma'anar reno. Wannan ai ƙara rusa hujjar ya yi, domin ko a can reno ake nufi, kuma ba a renon yaro da abin da ke cikin cikinsa. Sai an dama an ba shi. Mu da muke da kalmar tarbiyya bai kamata a ruɗe mu da wannan ba.

Abubakar Imam ma, kafin ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, sai da Rupert East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa ya zauna ya karance su. Wanda ke ganin ya fi ƙarfin haka, ya kawo mana babinsa na farko mu duba raba kalma kawai.