Injin Biyu Ba Ƙoda Biyu Ba Ne

Daga 1954 zuwa farkon shekarun 1980, kamfanonin Piper da Cessna da Beechcraft na ƙasar Amurka sun ƙera dubban ƙananan jiragen sama masu injin biyu, irin waɗanda ke ɗaukar mutum huɗu zuwa shida. Piper Apache ya shiga kasuwa a 1954, an yi ta ƙera Cessna 310 daga wannan shekara har 1980, shi kuwa Beechcraft Baron ya biyo baya a 1961. Da yawansu suna tashi har yanzu, kuma a can Amurka mutum na iya sayen ɗaya a farashin da bai kama ƙafar na sabon jirgi mai inji ɗaya ba. Hujjar masu saye ba ta canzawa: in inji guda ya mutu, ɗayan zai kai ni gida. Wasu ma har kwatanta abin suke da ƙoda, wadda akan cire wa mutum ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa. Ni da nake koyar da ilmin halittu, ina ganin wannan kwatanci yaudara ne.

In aka cire ƙoda guda, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki yawancin aikin 'yar'uwarta, ba tare da mai ita ya koyi wani abu ba. A jirgi lissafin dabam ne. Jirgi yana hawa sama ne da rarar ƙarfin da ta saura bayan an cire abin da yake bukata don ya tsaya a iska. A ƙaddara kowane inji yana da ƙarfin doki 200, jimla 400 ke nan, jirgin kuma yana bukatar 160 don tafiya miƙe. Rarar 240 ce. In inji ɗaya ya tsaya, rarar ta koma 40. Wato an rasa rabin ƙarfi, amma an rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ikon hawa, kuma kusan wannan adadi ne ake koya wa matuƙan irin waɗannan jirage. Zafi da tudu suna ƙara rage shi, domin iska takan yi shakaf. Jirgin da ya cika da kaya, ya tashi da tsakar rana daga fili mai tsayi irin na Jos, wanda ya haura mita 1,200, mai yiwuwa ne ya kasa ƙara ko taku ɗaya da inji guda.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Injin da ya rage yana kan fiffike ɗaya ne, saboda haka yana karkata hancin jirgin zuwa ɓangaren mataccen, farfelar mataccen kuma tana juyawa a banza tana ja baya. Matuƙi yana da 'yan daƙiƙu ya danne wutsiya da ƙafa, ya gane injin da ya mutu, ya juya ruwan farfelarsa su bi iska, ya naɗe tayoyi. Akwai jan layi a agogon gudu, wanda in aka faɗo ƙasa da shi wutsiya ba ta iya riƙe jirgin, sai ya kife. Kada mai karatu ya ɗauka 'yan koyo kaɗai ke ruɗewa a wannan hali: a 2015, a birnin Taipei, matuƙan wani jirgin fasinja na TransAsia sun kashe injin da ke da lafiya maimakon mai matsala, mutum 43 suka rasu. Ina ga attajiri ko likitan da ba ya tuƙi sai ƙarshen mako? Hannu da ƙafa suna manta abin da ba a maimaita musu ba. Don haka ne kamfanonin inshora sukan nemi shaidar horo akai-akai kafin su karɓi irin wannan jirgi, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Sai batun tsufa, inda bambancin mai rai da marar rai ya fi fitowa fili. Ƙashin cinyar mutum yana samun ƙananan tsaga kullum saboda tafiya da ɗaukar kaya, amma akwai ƙwayoyin halitta da ke cinye wurin da ya lalace, wasu kuma su zuba sabo. Alminiyum ba shi da wannan gata. Duk wata jijjiga da fiffike ya sha tun 1965 tana nan a jikin ƙarfen, tana taruwa, har ranar da tsaga za ta bayyana a ginshiƙinsa. Ba a ganin ta sai an buɗe an duba da na'ura. Ajiya ma ba hutu ba ce. Injin da ya yi watanni ba a tayar ba yana tsatsa daga ciki, ɓera yana cin wayoyi, tsuntsu yana sheƙa a kan silinda, zanzaro kuwa ba abin da yake so kamar ɗan bututun da ke auna gudun iska, ya liƙe shi da laka. Gidan zanzaro ne masu bincike suka fi zargi a haɗarin wani Boeing 757 da ya faɗa teku kusa da Jamhuriyar Dominika a 1996, bayan ya yi makonni a ajiye.

Araha dai ba ta ado. Masu ƙera waɗannan injina sun ƙayyade a yi musu garambawul bayan kimanin awa 1,500 zuwa 2,000 na aiki, ko shekara 12, kuma mai injin biyu sau biyu zai biya, haka ma farfela, haka ma mai. Ga binciken shekara-shekara da doka ta wajabta. Kayan gyara kuma sukan yi wuya, alal misali Piper ta daina ƙera Twin Comanche bayan ambaliya ta cinye masana'antarta ta Lock Haven a 1972. Wanda ya kashe duk abin hannunsa wajen saye, a horo da gyara zai yi tsimi, su ne kuwa abubuwan da ke sa injin na biyu ya yi amfani. A ganina, irin wannan mutum gara ya sayi mai inji ɗaya, wanda in ya mutu bai bar wa matuƙi wata shawara ba illa ya miƙe hanci ya nemi fili. Mai halin ɗaukar nauyin, wanda ke ratsa teku ko duwatsu ko dare, ba ni da ja da shi.

Akwai kuma wani lissafi da ba na mai jirgi kaɗai ba ne. Man da waɗannan injina ke sha, wanda ake kira 100LL, yana ɗauke da dalma. An daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, amma ƙananan jirage sun ci gaba da fesa ta a kan unguwannin da ke kewaye da filayensu. Dalma tana shiga jini ta kwaikwayi sinadarin kalsiyam, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a san wani adadi nata da ba ya cutarwa ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta tabbatar da wannan haɗari a 2023, hukumar sufurin sama ta ƙasar kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar da take fatan rabuwa da man. Injinan da suka fi dogara da shi su ne masu ƙarfi, irin na Baron da Cessna 310, saboda haka duk mai niyyar sayen ɗayansu ya fara tambayar makaniki wane mai injinan za su iya sha bayan wannan shekara.