Baba, Littafin Waƙoƙi Daga Ina Ya Zo?

A majami'un Sabon Gari har yau akwai dattawan da ke tsuke fuska in matasan Samaru suka ɗora kiɗan funk kan waƙar yabo. Wai kiɗan mashaya ne, wai baƙo ne. To Baba, karin da muke bi a Littafin Waƙoƙi fa, a Wusasa aka haife shi, ko mishan suka zo da shi daga Turai? Haka aka yi wa Kirk Franklin caa a Amurka kan “Stomp” a 1997, kundin kuma ya ci Grammy. Jeremiah Gyang ya rera “Na Ba Ka” da Hausa, har waɗanda ba sa shiga coci suka haddace. Ɗalibin ABU da kuka hana kaɗa jita ranar Lahadi ba gurmi zai ɗauka ba. Jitarsa zai saɓa, ya nufi cocin da ke gaba.