Biram Ba Zai Jira Tsaro Ba

Duk sa'ad da aka ta da zancen kaɗe-kaɗen jihar Difa, sai wani mai muƙami ya gyara zama ya ce a dakata tukuna sai tsaro ya samu. Wannan ba hikima ba ce, sakaci ne aka naɗa wa rawani.

A dubi Tunisiya. A 1934, ƙasar tana hannun Faransa, masana da makaɗa suka kafa ƙungiyar Rashidiyya a birnin Tunis domin ceto kiɗan maluf. Suka bi tsofaffi suka ɗauko waƙoƙin daga bakinsu, suka rubuta, suka koyar da yara. Ba su jira ƴancin 1956 ba.

Mu fa? Biram, abin kiɗan masunta Buduma na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, sai da ya rage a hannun tsoho guda, Bukar Tar. Da tallafin UNESCO, ba namu ba, Malam Mamman Barka ya je ya durƙusa gabansa ya koya. Barka ya kai biram har Turai, ya rasu a 2018. Ina almajiran da hukuma ta ɗauki nauyinsu a bayansa?

A 2015 aka kwashe mutanen tsibirai, ƙauyukan bakin Komadugu suka watse, jama'a ta taru a Gagamari da gefen babbar hanya. An ƙidaya bakunan da za a ciyar, kuma daidai ne. Wa ya ƙidaya masu busa algaita da masaƙan tabarmar kaba da ke cikinsu? Na'urar ɗaukar murya da ɗan alawus na malami ba su kai kuɗin taron bita guda a Yamai ba.