Wa ya ce kwamfutocin lakwal sun mutu?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Tun daga nan wata magana ke yawo a lakwal-lakwal da shagunan masu gyara, wai tsofaffin kwamfutoci sun tashi aiki, sai a nemi sababbi masu ɗaukar Windows 11. Ni ban yarda ba, kuma ina son iyayen yara su ji dalilina, tunda a ƙarshe su za a tara a ce su yi karo-karo.

Babu abin da ya lalace a jikin na'urorin nan. Windows 11 ce ta gindaya sharaɗi: sai kwamfuta tana da wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta zama ƙirar wajen 2018 zuwa sama. Mu kuwa mun san abin da ke ɗakunan kwamfutarmu daga Maraɗi har Damagaram: na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai kafin su iso mana. Ashe wani na zaune a Amurka zai yanke ranar mutuwar kayan da muka saya da kuɗinmu? An ba mutanen gida ƙarin shekara guda, ko dai su biya dalar Amurka 30, sama da jika 15 ke nan, ko su ɗaure na'urar da asusun kamfanin. Jinkiri ne kawai.

Ko da an sami kuɗin sababbin, a dubi abin da za a sayo. Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft tun ranar da za a fara kunna ta, kuma kamfanin yana ta toshe dabarun da mutane ke bi su kauce. Tana jawo sabuntawa lokacin da ta ga dama, ta cinye megar da malami ya saya daga aljihunsa. A 2024 suka sanar da wani abu mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton allon kwamfuta a kai a kai yana adanawa. Sai da aka yi ca a kansu sannan suka mai da shi na ganin dama. A sababbin na'urori masu tsada kawai yake aiki, gaskiya ne, amma ya nuna inda aka dosa. Kwamfutar da ke riƙe da sunayen ƴaƴanmu da makinsu, wa ya kamata ya riƙe linzaminta?

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Yawancin Windows ɗin da ake sa mana a kasuwa ta sata ce, an fasa makullinta. Da safe mu koyar da tarbiyya, da yamma mu zaunar da yaro gaban kayan sata.

Apple ba tamu ba ce, tsada ta raba mu. Chromebook kuma an gina ta ne kan asusun Google da intanet mai ɗorewa, wato an canza mai gida ne kawai. Saura Linux. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma lasisinta ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, ya raba. Wayar Android da ke aljihunku ma a kanta aka gina ta. Linux Mint tana tashi a na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki giga 2, da Faransanci take magana in an so, ba ta tambayar asusun kowa, kuma ba ta sabunta kanta sai an ba ta izini. Tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Ana iya ƙara GCompris don ƴan firamare, da Kiwix mai buɗe Wikipedia, har ta Hausa, ba tare da intanet ba. Kile USB guda ya isa lakwal duka, kuma ana iya gwada ta daga kilen ba a goge komai ba.

Za a ce ofisoshi Word da Excel suke nema. To, wanda ya koyi tuƙi a Toyota ba ya kasa tuƙa Peugeot. Yaron da ke CM2 yau, kafin ya nemi aiki Word ɗin ta sake kama sau nawa? Abin da zai bi shi shi ne iya tsara takarda, da jera lissafi, da sanin inda ya ajiye aikinsa. Jandarmomin Faransa sun fi shekara goma suna aiki da Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 za ta juya kwamfutoci wajen 30,000. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe a kai.

Hujja ɗaya ce mai nauyi, ita ce ta masu gyara. Ba kowane mai shago ya san Linux ba, wasu na'urorin buga takarda kuma suna gardama. Birnin Munich ma ya shekara da shekaru a kanta, sannan a 2017 ya yanke shawarar komawa Windows. Saboda haka in akwai manhajar ma'aikata da ba ta aiki sai a Windows, a bar kwamfutar darakta yadda take. Amma kuɗin sabuwar kwamfuta guda, a ganina, ya isa a horar da malamai biyu su riƙe ɗakin, kuma makarantun horon malamai ne ya kamata su fara sa wannan cikin darasi.

Iyaye, in an kira taron COGES aka kawo maganar karo-karo, ku nemi a ware uku daga cikin waɗanda aka ce sun mutu, a sa musu Linux Mint, yara su yi zango ɗaya a kansu. Bayan hutu a dawo a yi maganar kuɗi.