Arewacin Gana: hanyar da fatake suka riga Turawa bi

Har yau wasu littattafan tarihi suna ba da labarin arewacin Gana kamar daji ne da ba kowa sai da Bature ya iso. Ni dai wannan magana ba ta shiga kunnena. Tun kafin Ingila ta waiwayi yankin, ayarin fatake daga Kano da Katsina suna sauka Salaga sayen goro, suna da zangonsu da malamansu a Gonja da Dagomba. Wanda ma ya yi wa Ingila aikin ratsa ƙasar baƙar fata ne, ɗan Fante, George Ekem Ferguson, mai auna ƙasa da ya zaga a 1892 da 1894 yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna, har ya rasa ransa a hannun mayaƙan sarkin yaƙi Samori kusa da Wa a 1897. Yawancin sojojin da suka tsare sansanonin Ingila na farko kuwa da Hausa ake ba su umarni, abin da ba lallai mu yi alfahari da shi ba. Abin da Turawa suka zo da shi sabo shi ne iyaka. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagomba biyu, Yendi, mazaunin Ya Na, sarkin Dagomba, ta faɗa hannun Jamus. Bayan an mayar da hedikwatar mulkin Ingila a yankin daga Gambaga zuwa Tamale, sai arewacin Gana ya zama wurin ɗebo leburori zuwa ramukan zinariya da gonakin koko na Kudu, makarantu kuma 'yan kaɗan. Malaman tarihi, ku fara darasin daga Salaga.